Ɗakin Girmamawa da Ya Kwantar da Mahaifina a Panyu

Zuwa ga Alhaji mai masaukin 'yan kasuwa na unguwar Panyu, Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na sakaya sunanka saboda darajar 'ya'yanka, amma duk wanda ya taɓa sauka a gidanka mai hawa bakwai ya san da wa nake. Sau uku ina kiran wayarka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. A gefen gadon asibiti nake zaune, mahaifina yana kwance ana masa ƙarin ruwa, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ni mai sarin takalma ce daga Kano. Baba ya rako ni ne don ya haɗa ni da tsofaffin mutanensa na kasuwar Zhanxi Lu kafin ya ajiye tafiye-tafiye. Shekaru sun ja, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Kwana uku ya bi ni kasuwa, ƙafa ta ƙi, ya koma wuni a masauki. Ga abin da na gano daga baya.

Na ɗaya. Ka ce dattijo ba ya kwana cikin yara, ka ba shi ɗaki shi kaɗai a hawa na ƙarshe. Muka yi ta maka godiya. Ashe ɗakin da ke ƙarƙashin rufi ne, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, kuma tagarsa ɗaya tak ka toshe ta da kwalayen takalman baƙi da ke jiran kwantena. Banɗaki yana hawa na ƙasa da shi. Don gudun hawa da sauka da gwiwar nan, Baba ya rage shan ruwa.

Na biyu. Akwai esi, na'urar sanyaya ɗaki, a bangon ɗakin, lafiyarta lau. Amma kowace safiya kana tattara rimot ɗin ɗakuna ka kulle a durowa sai magariba, wai kowa yana kasuwa, kada a ƙone maka wuta. Kowa yana kasuwa ban da tsohon da kai da kanka ka kai sama. Ka san ba ya fita, domin daga kicin ɗinka ake aika masa abincin rana.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ni mace ce, ɓangarenmu daban, dokar gidanka ta hana mu hawa wajen maza. Na bi dokar, domin ban ga aibunta ba. Kullum da yamma sai dai in kira Baba a waya in tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Me kake so ya ce? Tsohon Bahaushe ne da ya sauka a gidan mutum, kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ya ce mai masauki ya gaza ba. Kai ma ka san haka, shekara nawa kana sauke dattawa. Da ka hana ni hawa, nauyin leƙa shi ya dawo kanka, kuma ko sau ɗaya ba ka taka matakalar nan ba.

Ranar Juma'a wani bawan Allah ɗan Maraɗi, wanda suka yi alkawarin tafiya Masallacin Huaisheng tare, ya jira shi a ƙasa ya gaji, ya hau. A kan tayil ya same shi, jiki zafi rau kamar tukunyar da aka sauke daga murhu, ko ɗigon gumi babu, yana kiran sunan mahaifiyata da ta rasu shekaru da yawa. Mutumin nan ya goya shi ya sauko da shi hawa bakwai, gidan ba lif. Likita ya ce zafi ne ya buge shi, ruwan jikinsa ya ƙone, har abin ya taɓa ƙoda.

An gaya mini abin da ka faɗa da labari ya iso maka. Wai mutumin Kano zafin China ba zai kayar da shi ba, wai kuma esi sanyi take sa wa tsofaffi a ƙashi. Alhaji, ka ji tsoron Allah. Zafin gida busasshe ne, mutum ya yayyafa ruwa a tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya sha ruwan randa, iska ta busar da gumi. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, riga ma kwana take ba ta bushe ba. Kai da kake wuni a ofishinka esi na kaɗa maka babbar riga, ban ji sanyi ya kama ƙashinka ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ka bar wa duk wanda zai wuni a ɗaki rimot ɗinsa. Ka kwashe kwalaye daga tagogi. Ka sauko da dattawa hawa na ƙasa, kusa da banɗaki, kusa da mutane, ka sa a riƙa leƙa su da azahar da ruwa a hannu, kada a tsaya jiran su roƙa. Na ji wasu dattawa biyu daga Yamai suna hanya, kuma ɗakin nan ka tanadar wa babbansu. Kada ka kai shi can. 'Yan'uwa da ke karanta wannan, kafin ku bar tsohonku a kowane masauki, ku shiga ɗakin da tsakar rana ku tsaya ku ji.

Jiya Baba ya farfaɗo sosai har ya gane ni. Abu na farko da ya ce shi ne in gaishe ka, in gode maka karamcin da ka yi masa, in kuma ba ka haƙuri ya tayar maka da hankalin gida. Ubana ne, ya aike ni, na isar. Nawa saƙon shi ne wanda ka karanta a sama, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Allah ya shirye mu da kai, ya yi wa nemanka albarka, ya kuma sa ranar da ƙafarka ta gaza ka faɗa hannun wanda zai hau bene ya duba ka.

Wassalam.

Binta Idi, mai sarin takalma.