Faifan Acca da Maganaɗisun Taurari

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya karatu da sanyin Turai? Yaya jikin Anti Saratu? Mu a Kafanchan lafiya lau.

Wasiƙar da ka aiko kan bincikenka na taurari ta fi littattafan soyayyata daɗi. Jiya ina sheƙar acca na bayyana wa uwar mijina abin da ka rubuta: iskar da ke kewaya tauraro a shimfiɗe take kamar faifai, wadda ke fita waje tana kwashe abin da ke cikinta kamar ƙaiƙayi, sai maganaɗisun tauraron ya yi ƙarfi. Ta ce, "Rifkatu, littattafai sun juya miki kai. Kwalejin nan da kike son shiga, ba za ki je ba."

Zan je, Yaya. Na cike fom ɗin karatun kimiyya, maigidana da kansa ya kai shi. Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Rifkatu