Abin da Famara Ya Yi wa Lakar Inna

Salum, ranar Laraba, ƙarshen damina

Zuwa ga yayana Birame,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka aikin gonakin Sifen da sanyinsu. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Mu nan tsibiri lafiya lau. Gwaggo Nyilan ta samu sauƙin gwiwa har tana fita bakin ruwa, matarka Yande kuma ta warke daga ciwon haƙorin da ya dame ta. Shinkafa ta yi kyau bana, sai dai tsuntsu.

Yaya, akwai maganar da na ƙi faɗa maka ta waya, domin in na fara ta da baki kuka ke cin ƙarfina. Ka san filin lakar nan na bayan kurmi, inda Inna ta yi shekara arba'in tana tonon ƙumba idan ruwan teku ya janye. Shekara uku ke nan ƙungiyarmu ta mata ta hana kowa taɓa shi. Inna ce ta kawo shawarar, ganin ƙumba ta ƙanƙance har sai mace ta yini a duƙe kafin ta cika ƙwarya. Da hannunmu muka riƙa kwaso ƙanana daga wasu wuraren muna zubawa a can. Kai ka daɗe da barin laka, wataƙila ka manta irin nawar wannan halitta. Da damina take zuba ƙwai cikin ruwa, 'ya'yan su sauka kamar ƙwayar riɗi, su nutsa cikin taɓo zurfin ɗan yatsa, su rufe bawonsu biyu su yi ta tsotsar ruwa. Sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta ƙi wucewa ta ramin rariyar da muke ware manya da ƙanana da ita. Kowace shekara bawonta na ƙara zobe ɗaya. Na taɓa ganin Inna ta tono wata mai zobe ashirin, ta ƙirga, ta mai da ita cikin laka, ta ce wannan uwar gari ce, ba a cin ta.

Bana ne za mu buɗe filin. Inna tana kwance ma tambayarsa take yi. To, ranar sadakar uku, duk matan tsibiri muna gida muna ta girki da karɓar gaisuwa, Famara ɗan kawunmu, wanda Inna ta goya a bayanta bayan rasuwar uwarsa, ya ɗauki jirgin da ka saya ka bar mana. Ya je Funjun ya kwaso ƙarti takwas da shebur da manjagara, tsakar rana, suka kankare filin kaf. Manyan suka loda a buhuna zuwa Kawlak. Ƙananan da ba mai saye, maimakon su mai da su, sai suka tara su tsibi-tsibi a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa.

Bayan kwana biyu wari ya kai mu wurin. Ka san jinin ƙumba ja ne kamar na mutum. Tudun nan duk ya yi ja, bawo a buɗe, ƙudaje sun rufe shi. Gwaggo Nyilan ta zauna daɓas a cikin taɓo tana salati. Ni ko hawaye bai zo mini ba.

Na sami Famara a bakin jirgi yana shan shayi. Da na tambaye shi, ko kunya, ya ce wai laka ta Allah ce, bai ga sunan kowa rubuce a kanta ba, kuma mu mata da cokulanmu na tono sai mu shekara ɗari muna tsince-tsince kamar kaji. Na ce masa kajin nan ne suka ciyar da shi tun majina na zuba a bakinsa, kuma wandon makarantarsa na farko da kuɗin ƙumbar wannan fili Inna ta ɗinka masa. Ya yi dariya, ya ce in je in kai ƙara wurin kifi.

Ban kai ƙara wurin kowa ba. Washegari da hantsi mu talatin da biyu muka ɗebo mushen nan a kwanduna, muka ratsa tsakiyar gari a jere, muka juye masa a ƙofar ɗaki har ya toshe ta. Daga nan muka wuce bakin ruwa, muka kwance injin jirginka, mu huɗu muka ɗauko shi a kan itace. Yana ɗakina yanzu, na rufe shi da tabarma. Dattawa suka kira ni, suka ce in yi haƙuri, jini ɗaya ne. Na ce musu na ji, amma injin ba zai ga ruwa ba sai Famara ya shiga laka da ƙafarsa ya shuka abin da ya kashe, ƙwarya bayan ƙwarya, har filin ya dawo, ko da zai ci shekara huɗu.

Mako uku ya yi yana cika baki. Da zaman banza ya ishe shi, shekaranjiya sai ga shi da ƙwarya. Ba wadda ta nuna masa inda ake taka ƙafa. Ya nufi gefen rafin nan mai laushi, ya nutse har cinya, yana yunƙuri yana ƙara shigewa. Ruwa kuwa ya fara dawowa. Ya kira ni da sunana, ya kira ni Yaya, abin da rabonsa da faɗa tun yana yaro. Na ci gaba da tonona. Dibor, ɗaya daga cikin matan ƙungiyarmu, ta ɗaga murya ta ce masa ya kira ƙartinsa takwas mana. Sai da ruwa ya kai masa ƙirji, ya fara kiran sunan Inna yana kuka, sannan Gwaggo Nyilan ta daka mana tsawa, muka jefa masa igiya. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na ji daɗi, kuma da Gwaggo ba ta yi magana ba, da na ƙara masa ɗan lokaci. Allah Ya yafe mini. Amma ban huce ba.

Na san zai kira ka, ya yi maka daɗin baki, kai kuma zuciyarka ba ta da wuya. Jirgi naka ne, ban musa ba. Sai dai ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. In ka ce in mai da masa injin, zan mai da, amma in ka dawo kada ka sa hannu a ƙwaryata.

Yande da yara suna gaishe ka, haka Gwaggo Nyilan da Dibor da Baffa Lamin. Ka gaishe mini da Sajo da duk 'yan tsibirinmu da ke tare da kai. Gobe ruwa zai janye da sassafe, kuma na aika a gaya wa Famara kada ya makara.

Ƙanwarka,
Tening Car