Shigar Ofis Ta Mayar Da Ni Mai Takaba

Anti Sabuwa, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Omdurman. Da yaƙi ya iso unguwarmu muka gudo Alƙahira, ni da 'yata Hiba da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Shi Baban Hiba ya tsaya a kan zai biyo mu, daga nan wayarsa ta daina shiga. Har yau ba wanda ya ce ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya ce ya gan shi da rai.

Bayan wahalar da ba sai na faɗa ba, na samu aikin amsa waya da fassara a wani kamfanin Japanawa a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Da shi muke biyan haya a unguwar Ainu Shams, da shi ake sayen maganin Hajiya. Da za su ɗauke ni suka ce shigarsu business casual ce, wato ba dole sai kwat ba. Ni kuwa na ɗauka ko me na sa daidai ne. Na je da laffayata mai furanni, da baƙin ƙunshi har yatsu, da humra, yadda kowace matar aure take fita a wajenmu.

Ba wanda ya ce min uffan. Mutanen nan ba sa gaya maka laifinka, sai dai murmushi da sunkuyar da kai. Sai na lura shugabar sashenmu tana sa takunkumi duk sanda za ta zo teburina. Daga baya aka mayar da teburin bakin taga. In baƙi sun zo daga Japan, sai a tura ni ɗakin fayil. Lina, wata 'yar Masar da muke aiki tare, ita ta ja ni gefe ta fahimtar da ni cewa sauƙin nasu ma da ƙa'idarsa: toka-toka, fari ko shuɗi mai duhu, ba zane a hannu, ba ƙamshin da na kusa zai ji. Ta ce in ina son a sabunta min kwantiragi, in gyara.

Na gyara, Anti. Na bar lallen ya goge, na rufe kwalbar humra, na sayi farar riga da siket toka-toka da mayafi marar ado. A ofis khalas, magana ta ƙare, har teburina ya koma wurinsa.

A gida ne ta ɓaci. A wajenmu macen da ta bar lalle da turare ta sa fari, takaba take yi. Safiyar da Hajiya ta gan ni haka, sai ta ajiye kofin shayinta ta shige ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tun ranar ba ta cin abincina sai na matsa, kuma na ji tana gaya wa Hiba wai uwarta ta riga ta binne ubanta. Wata maƙwabciya har ta tare ni a matakala ta yi min ta'aziyya.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Wani lokaci in na hango kaina a gilashin metro, jirgin ƙasan da nake shiga zuwa aiki, sai in ji kamar kayan nan gaskiya suke faɗa, in yi ta istigfari har in sauka. In na koma wa lalle zan rasa aikin, in na zauna haka kullum da safe ina kashe wa tsohuwa ɗanta. Yaya zan yi?

Mai jiran labari, Ainu Shams

'Yar'uwata mai jira,

Wasiƙarki ta taɓa ni. Ki fara riƙe wannan: ba takaba kike yi ba. Takaba tana bin tabbacin rasuwa ne, ba launin riga ba. Ki nemi malamin da Hajiya ta yarda da shi ya faɗi haka a gabanta. Tunanin da ke zuwa miki a metro kuwa ba cin amana ba ne, gajiyar jira ce.

Masu gidan aikinki ba da gayya suka yi ba. A ganinsu rage ado da ƙamshi ladabi ne ga abokin zama, laifinsu shirun da suka yi miki. Hajiya ma ba rigima take nema ba. Lallen hannunki ne shaidar da ta rage mata cewa ɗanta yana raye.

Kada ki bar aikin. Ki bar fari dai, tunda shuɗi mai duhu ya shiga ƙa'idarsu kuma ba wanda zai yi miki ta'aziyya a kansa. Ki ware kayan ofis daga inda kike turara tufafi. In kin dawo ki yi wanka, ki yafa laffayarki, ki shafa humrarki, gidan ya ɗauki ƙamshin da Hajiya ta sani. Ki samu shugabarki ku biyu, ki gaya mata ma'anar lalle a wajenku, ki tambayi iyakar abin da za su lamunta. In ba ku kai sunansa wurin masu neman waɗanda yaƙi ya raba da danginsu ba, ku je tare da Hajiya.

Saura ƙafa. Ba wanda zai leƙa cikin safarki a ofis. Ranar Alhamis ki kwaɓa lalle, ki ajiye kunyar surukuta, ki kai wa Hajiya kwanon, ki roƙe ta ta ƙunsa miki a ƙafa da hannunta. Tun da kuka baro Omdurman ba ta da abin da za ta iya yi wa ɗanta. Ki ba ta wannan.

Allah Ya jiyar da ku alheri, Ya dawo da Baban Hiba ya tarar da lallen bai goge ba.

Anti Sabuwa