Sai Barkono Ta Je Ringim Ta Dawo

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Injin jar motarka, Barkono, ya tashi jiya da hantsi, a rumfar ƙofar gida inda ka bar ta. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Amma aikina ke nan, in abu ya faru in rubuta shi, kuma ban ga wanda ya fi ka cancantar jin labarin ba.

Sai na ɗan koma baya, domin lafiya lau ka bar ta.

Ka tuna safiyar da ciwon ya kama ka? Ka buɗe bonet ka tokare shi da sanda, ka cire filtar iska za ka wanke, ka bar bakin kabureto a buɗe. Ka shiga ciki ka ce wa Umma za ka ɗan kishingiɗa. Daga nan sai asibiti, ba ka dawo ba. A zaman makoki Kawu Malam ya tunatar da mu cewa kayan mamaci amana ne har a raba gado, muka riƙe maganar gam. Umma tana takaba, ba ta leƙa waje. Mu kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya kawar da kai, don komai yana nan yadda hannunka ya bar shi: sufana a kan batir, tsummanka rataye a madubi. Wa zai iya zare sandar nan? Damina ta shigo, kwanon rumfar yana yoyo daidai saman injin, ruwa yana ɗiga cikin kabureto, ba wanda ya lura.

Da aka raba gado motar ta faɗa a kason Yaya Sani. Batir ya mutu, sai ya tara abokansa suka tura ta a gangaren layinmu na Limawa, ya sa giya ya saki kuloci. Ba na wurin. Na tambayi waɗanda aka yi a gabansu, kowa da yadda ya ba da labarin, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: an ji ƙara kamar an doka taɓarya a kan dutse, sai shiru.

Abokinka Malam Iro, bakaniken unguwar Takur, shi ya buɗe injin. Ruwa ya cika silinda ɗaya. Fistin ya taso zai matse iska kamar yadda ya saba, ya tarar da ruwa, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya tsage, ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, bangon silindar ya karce. Da Kawu Malam ya ji, sai ya dafe kai, ya ce rufe bonet ai kiyaye amanar ne, da wani ya tambaye shi. Ba wanda ya tambaya. Girmama ka muke yi, Baba, a haka muka bar ruwa ya shige ta.

Kada ka ga laifin Yaya Sani. Zai yi aure bayan kaka, da Bilkisu ta gidan Alhaji Tela, wadda kake tsokana da saurin magana. Yana bukatar filin rumfar ya gina ɗaki. 'Yan gwangwan sun zo da gudumarsu, suna zagaya Barkono kamar mahauta sun ga rago. Na roƙe shi ya dakata. Ya ce ba zai bar mushen mota Umma tana gani kullum tana hawaye ba, ni kuma ya san gidan haya nake, ba ni da wurin ajiye wadda ba ta motsi. Ya ba ni zuwa ranar da magina za su fara aiki. In ta je Ringim ta dawo da ƙafarta, tawa ce. In ta kasa, a yanka. Shi ma ɗanka ne, da ƙa'idarka ya ɗaure ni.

Ai ba ka taɓa cewa mota ta gyaru ba. Ko filogi ka canja, in aka tambaye ka sai ka ce sai ta je Ringim ta dawo.

Mun sha aiki. Na karanta duk abin da na samu a kan irin injin nan, Malam Iro yana yi mini dariya wai na zo in ɗauki rahoton fistin. Mun hau motar Kano ni da shi, muka bi rumfunan tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa. Wasu 'yan kasuwar ba a ma haife su ba lokacin da aka daina ƙera irin motarka. A ƙarshe wani dattijo ya zaro mana saitin fistin a ƙarƙashin tarkace, naɗe cikin takarda mai maiƙo, sun ɗan fi na asali kauri. Sai da mai injin fafar ƙarfe ya ƙara faɗin silindojin duka don su shiga. Ɗaya ne ya fashe amma duka aka canja, domin in nauyinsu ya bambanta injin zai riƙa kakkarwa. Ka san da me muka auna su? Da sikelin da Bilkisu take awon fulawar cincin. Ta ba da aro, da sharaɗin a wanke mata shi da sabulu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana ganin aikin jarida surutu ne, kullum kana tambayata wa ya gani da idonsa. A ofis, in ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini labari da zafinsa, nakan tambaye shi ko labarin ya je Ringim ya dawo. Yanzu su ma haka suke faɗa wa juna, har waɗanda ba su taɓa taka Ringim ba, kuma ba su san daga bakin wa maganar ta fito ba. Me ya hana ni gaya maka? Ina tsammanin akwai lokaci. Haka kuma ban taɓa gaya maka ina son tuƙinka ba. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, kai kuma kana jan ta a hankali har masu keke suna wuce ka, abokanka suna cewa ka mai da doki jaki. Ni a kujerar gefe ina ƙare wa duwatsu da dabinai kallo, ba na so a isa.

Jiya da Malam Iro ya murza makulli, ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama. Umma tana wanke shinkafa a tsakar gida. Sai ga ta a zaure ba takalmi, hannunta yana ɗigar ruwa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana saurare, sannan ta ce muryar ce, amma kai kakan taka totur sau biyu kafin ka bar ta ta nutsu. Na shiga na taka sau biyu. Yaya Sani yana jingine da bango, da la'asar kuma na gan shi da bokiti yana wanke tayoyin.

Ranar Asabar za mu tafi, ni ce a sitiyari. Umma ta ce da ita za a je, ta daɗe ba ta ga Inna Hajara da ke zaune can ba. Malam Iro ya nuna mata cewa fitar farko ce, ana iya tsayawa a hanya. Ta ce ta tura motar nan tun kafin a haife ni. Malam Iro zai biyo mu a babur da akwatin kayan aikinsa. An hana ni gudu har sai sababbin zobban fistin sun zauna, don haka tuƙinka zan yi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Magina za su zo Litinin. Akwai siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke fita a salansa. Malam Iro ya ce ko dai zobban ne ba su gama zama ba, ko kuma fafar silindar ce ta zarce. Ba zan rubuta maka cewa ta gyaru ba. Ba ta je Ringim ba tukuna.

Taka,
Hauwa, wadda kake kira Edita.