Bakina Ne Ya Tura Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki aikin nan da ba ya barinki ki huta, ya tsare ku a inda kuke, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon bayan Mama ya yi sauƙi, har ta koma share tsakar gida da kanta tana hana kowa taɓa tsintsiyarta. Ni kuma aiki ya yi mini yawa tun da zafi ya shigo, don sai yanzu kowa ya tuna na'urar sanyaya ɗakinsa ta lalace.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kuka laƙaba wa Aku saboda bakina ba ya hutawa. Na sha ɗaukar waya in kira ki sai in ajiye, don na san halina. Da na ji muryarki zan mai da maganar wasa, ki yi dariya, in yi dariya, mu rabu ban faɗi komai ba. Maganar ƙafar Auta ce. Ta gaya miki santsi ne ya kwashe ta, haka ta gaya wa Mama ma. Akwai santsi kam, amma ba shi ya kayar da ita ba, kuma tun ranar kunya ta hana ni sakat.

Kin san burin Auta na shiga aikin kashe gobara. Ta ci jarrabawar rubutu, saura gwajin ƙarfin jiki: gudu, jan mesar ruwa, da hawa tsani. Gudu ba ya ba ta wahala, amma da ta hau wuri mai tsayi sai tsoro ya kama ta. Shi ya sa ta shiga wata ƙungiya da ke koyon wasan nan da suke kira parkour, wato mutum ya koyi haye katanga, ya tsallake rami, ya diro daga sama ba tare da ya ji ciwo ba. A filin ajiye motoci suke yi, bayan wani tsohon sito, inda akwai gajerun katangu da matakala da ƙarafan dafawa. Na ce wa Mama zan riƙa raka ta tunda kin ce in kula da ita. Gaskiyar magana, Yaya, na je ne in yi dariya, in kuma nuna musu cewa ni da nake wuni a kan tsani a bene na uku da sukurdireba a baki, babu abin da za su koya mini.

Ranar farko aka sauke mini girman kai. Kocinmu, wani siririn mutum mai sanyin magana, bai bar mu mun taɓa katanga ba. Layi biyu ya ja da alli a ƙasa, ya ce mu yi tsalle daga wannan zuwa wancan, mu sauka a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, kada a ji ƙara. Ya ce duk saukar da kunnensa ya ji, gwiwar mai ita ce za ta biya nan gaba. Ni kuwa in na dira sai ka ce an yar da buhun siminti, har tattabarun kan rufin sito suna tashi. Makonni muka yi a haka. Muka koyi mirginawa ta kan kafaɗa a kan ciyawa, ba ta kan tsakiyar kai ba. Muka koyi cewa kafin ka hau katanga sai ka shafa ta da hannu, ka girgiza ƙarfe ka ji ko yana motsi, ka goge ƙasan takalminka da tafin hannu. Auta ta riga ni gane komai. Tana sauka shiru kamar kyanwa, Koci yana cewa mu kalle ta. Ina yi mata tafi, amma a raina abin yana ci na.

Akwai doka ɗaya da Koci ya fi maimaitawa a kan duk sauran. In mutum ya tsaya a bakin tsalle, kowa shiru. Ba a ce masa yi, ba a ƙirga masa, ba a tafa masa, ko da niyyar ƙarfafa shi ne. Ya ce tsoron da mutum ke ji a wurin yana gaya masa wani abu, kuma ba zai ji shi ba in ana surutu a kansa. In ya ga bai shirya ba, sai ya ce ba yau ba, ya sauko, babu mai tambayarsa dalili. Ni a zuciyata na ɗauki wannan ragwanci ne da aka yi wa ado. Ai mu a gidanmu da tsokana muke tura juna. Ke da kanki da kika koya mini keke, matsoraci kika yi ta kirana har na saki bango.

Ranar da abin ya faru an ɗan yi yayyafi da safe. Akwai wasu katangu biyu da tsayinsu ya kai ƙirjina, da rata a tsakaninsu. Auta ta sha tsallake irin wannan ratar a ƙasa tsakanin layukan alli, amma ba ta taɓa yi a sama ba. Ni ma ban taɓa ba, kullum in aka zo nan sai in ce bayana ya riƙe saboda aiki. Ta hau, ta tsaya. Koci yana can gefe yana gyara wa wata riƙon ƙarfe. Auta ta goge takalminta, ta dubi ɗaya katangar, ta sake gogewa, ta sake duba. Kowa ya yi tsit. Shirun nan ne ya dame ni, Yaya, kin san ni da shiru ba ma shiri. Sai na ji bakina yana tambaya, da ƙarfi har da dariya, wai in gida na ci da wuta masu gidan za su jira ta gama goge takalmi ne. Na ƙara da cewa ban taɓa ganin 'yar kwana-kwana mai tsoron katanga ba.

Babu wanda ya yi dariya sai ni. Ta juyo ta dube ni, irin duban da take yi mini tun tana ƙarama in na taɓa ta inda ke mata ciwo. Ba ta sake kallon inda za ta sauka ba, ta yi tsalle kawai. Bakin takalminta ne kaɗai ya taɓa gefen katangar, wurin kuma da danshi, sai ƙafar ta zame ta faɗa tsakiya. Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe idon sawunta da hannu biyu tana numfashi sama-sama, ni kuma ina tsaye, sauran dariyar ba ta gama barin fuskata ba.

A asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin idon sawun ya tsage. Aka naɗe ƙafar da filasta, likita ya ce ta manta da gudu sai bayan watanni. Gwajin nata kuwa a cikin watan ne. Koci ya raka mu, ina ta jira ya zage ni ko ya kore ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya yi kawai, a bakin ƙofar asibiti ya tambaye ni a hankali ko ina wurin ranar da ya faɗi dokar. Na ce ina nan. Ya gyaɗa kai ya tafi. Da muka isa gida Auta ta riga ni magana, ta ce wa Mama santsi ne. Mama ta kama hannuna tana sa mini albarka, wai Allah ne ya taimaka ina wurin na ɗauko ta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban buɗe baki ba. Bakin da ya ƙi yin shiru inda ake son shiru, ranar ya yi gum.

Ranar gwajin ta ce in kai ta. Na ce me za ta gani ban da ɓacin rai, ta ce in kai ta kawai. Muka zauna a motar aikina a bakin shingen filin gwajin, sandunanta na asibiti a kujerar baya tare da kayan aikina. Tana ta nuna mini waɗanda suka ci jarrabawar rubutu tare da ita, tana cewa wannan za ta wuce, wancan ya fara gudu da ƙarfi da yawa zai gaji. Sai aka zo hawa tsani. Ba ta yi kuka ba, ta dai kalla har na ƙarshe ya sauko, sannan ta ce mu tafi. Yanzu sai baɗi, in sun sake ɗaukar mutane.

Na so in daina zuwa filin wasanmu na bayan sito, ita ta hana. Makon da ya wuce ta ce za ta bi ni, ta zauna a kan matakala da ƙafarta a miƙe. Ban san abin da ya kai ni ba, na dai tsinci kaina a kan katangar nan. Na shafa ta, na goge takalmina, na miƙe. Yaya, daga sama ratar ta ninka yadda take daga ƙasa. Na kasa tsallakawa, ni mai aiki a bene na uku. Kowa ya yi shiru, kuma a cikin shirun na ji sarai jikina yana gaya mini ban kai ba. Na dubi Auta ina fatan ta rama, ta tsokane ni a gaban kowa, in samu sauƙi. Ba ta ce uffan ba, ta zuba mini ido kawai tana jira. Na daɗe a tsaye, sannan na ce ba yau ba, na sauko ta baya ina jan ciki. Babu wanda ya tambaye ni dalili.

A mota muna komawa na tattaro ƙarfin hali na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun a asibiti, in daina yi mata fuskar mara lafiya. Can sai ta ƙara da cewa ranar nan ta ga danshin, ta riga ta yanke shawara, kalmar ba yau ba tana bakinta za ta faɗa ke nan na yi magana. Sai da na tsayar da motar a gefen titi, don hawaye sun hana ni ganin hanya.

Abin da ya faru ke nan, Yaya. Kin ba ni amanarta, ni na ja mata asarar shekara guda. Na zaunar da Mama jiya na gaya mata, har yanzu ba ta ce mini komai ba. Ke ma in za ki yi faɗa ki yi da ni, na cancanta, amma don Allah kada ki ce Auta ta bar wasan. Ta ce da an cire filasta za ta koma kan layin alli daga farko, kuma ni zan riƙa kai ta.

Ki gaida mini maigidanki da kyau, ki shafa mini kan 'yan biyu da ƙaramarsu. Mama tana gaishe ku, matata tana gaishe ku, Auta ta ce in gaya miki ƙafar tana ƙaiƙayi a cikin filasta, kuma kada ki aiko mata da wani magani. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai neman gafararki,
Aku