Waken Kande a Ikorodu

Ikorodu, Legas
9 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga matata Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Sadiqa. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe shi da kyau, da Inna, da duk wanda ya tambaye ni a Wagini.

Yau shekara biyu da wata huɗu rabona da gida, wata biyu kuma rabon da in ji muryarki, tun da aka rufe layin waya a can wajenmu. Shi ya sa na koma biro da takarda kamar ɗan firamare. Jinjiri direban tirela ɗan Batsari ne, idan ya sauke kaya a Katsina zai leƙa gida, shi zai sa a kawo miki.

Ina nan a kamfanin tace wake, sai dai aikin ya canja. Da mu shida ne muke rubuta lamba a jikin buhu da hannu. Yanzu an sallami biyar, ni kuma an rataya mini wata firinta a ƙugu, ba ta fi rediyon Baba girma ba, kuma ba igiya ko ɗaya a jikinta. Manaja yana can sama cikin ofis mai sanyi, zai danna kwamfuta, ni ina tsakiyar sito sai in ji ta yi ƙara ta tofo sitika, in ɓare in manna wa buhu. A jikin sitikar akwai nauyi, da garin da kayan suka fito, da lambata ni mai mannawa. Ba zan zalunce ta ba, ba ta kuskuren lamba, ruwa ba ya goge rubutunta. Abin da ke ci mini rai shi ne, saƙo ya ratsa bango uku ya iske ƙuguna, amma in ce wa matata ina kwana ya gagara.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Jiya an sauke mota daga Arewa. Ina ta manne-manne ban ko duba ba, har na manna wa buhu biyu aka wuce da su injin tacewa, inda ake haɗe waken kowa wuri guda. A na uku hannuna ya taɓa ɗinkin bakin buhun. Mahfuza, ɗinkin Baba ne. Shuɗin zare, ƙullin bahago, ga harafinsa na ajami da ɗigo uku a ƙasa. Sai a lokacin na tuna biyun da suka wuce ma wannan shuɗin zaren ne a bakinsu. Na soka yatsa ta kusurwa, sai ga waken Kande a tafina, ƙanana farare masu jan tabo a baki.

Kin san Baba yakan sayar da farin wake, amma wannan bai taɓa kai shi kasuwa ba. Kakata Kande ce ta zo da irinsa daga Safana cikin gora ranar da aka kawo ta amarya, kuma yanzu ko a Safanar an ce ya ɓace. Me ya fito da shi har buhu uku, ko sake masa buhu ba a tsaya yi ba? Sitikar da ta fito masa ta ce wai daga wata ƙungiyar manoma yake, a wata jihar ma daban. Ban manna ba. Na ja buhun na ɓoye bayan karyayyun katakai.

Don Allah ki gaya mini gaskiya, kar ki tausaya mini.

Mijinki,
Mansur Hashimu


Ikorodu, Legas
23 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Yaya baƙunta? Yaya tarin Sadiqa da kika ambata? Ki yi wa Baba da Inna jaje a madadina, ki gode wa kawunki da ya ba ku ɗaki.

Takardarki ta iso. Jinjiri ya ce bai sha wahalar aikawa Wagini ba, a Batsari ya same ku. Ashe kwana ashirin ke nan da kuka baro gida, ni ina nan ina lissafin za ku sha sabon ƙosai. Na karanta yadda 'yan bindiga suka ɗora wa unguwarmu haraji, da aka kasa haɗa kuɗin suka zo da rana tsaka suka kwashe rumbuna. Na karanta inda kika ce Baba ya roƙe su su bar masa ko tiya ɗaya ta iri, suka fasa tulun irin suka juye a buhu. Nan na ajiye takardar, sai da na yi alwala na iya ƙarasawa.

Da farko na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Motoci na zuwa Legas kullum, da kin rubuto ko layi biyu ne ya isa. Amma da na huce na ga ba ki da laifi. Baba ne ya hana, kuma ko kin faɗa me zan yi daga nan? In manna musu sitika?

Ni abin da ya tsaya mini a wuya, hannuna ne ya manna wa buhu biyu na mahaifina shaidar cewa halal ɗin wasu ne. Yanzu sun shige cikin waken duniya, an ƙulla su a leda mai hoton manomi yana dariya. Ban ce kamfani ya san na sata ne ba. Daga dillali suka saya, shi ma daga wani, firinta kuwa abin da aka gaya mata take faɗa. Kowa hannunsa tsaf, Baba ne kawai ba shi da iri.

Saura buhu na uku, kuma shi ke nan waken Kande da ya rage a duniya, iya sanina. Kwamfuta ta riga ta nuna an sauke ɗari uku, an manna wa ɗari biyu da casa'in da tara, kuma giɓin a lambata yake. Akwai wata sitika mai baƙin giciye da ake manna wa buhun da ya jiƙe ko ƙwari suka ci, irinsa ake sayar wa ma'aikata da araha. Na san inda zan danna ta fito ba tare da manaja ba. Sau biyu ina ɗora yatsa ina janyewa. Waken nan lafiyarsa lau. An sace shi sau ɗaya, an yi masa ƙarya sau ɗaya, ba na so ya koma hannun Baba ta hanyar ƙaryata.

Ranar Asabar za a ƙirga sito. Gobe zan hau sama in gaya wa manaja komai. Mai yiwuwa ya ce ɓarawo ne ni da na ɓoye kaya mako biyu, ya karɓe firintarsa ya ba wani. Idan haka ta faru, babu iri, babu aiki. Ki sa ni a addu'a, amma kar ki gaya wa Baba tukuna.

Naki,
Mansur


Ikorodu, Legas
5 ga Disamba, 2021

Zuwa ga Mahfuza,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyi bai matsa wa ƙafar Baba ba. Ki shafa mini kan Sadiqa.

Na hau sama kamar yadda na ce. Manaja ya saurare ni bai ɗago daga kwamfuta ba. Na nuna masa ɗinkin a hoto, na zuba masa waken a kan tebur. Ya ce shi bai san ɗinki ba, abin da sitika ta faɗa shi ne gaskiyar kamfani, kuma ba a sayar da buhu ɗaya daga cikin kayan da aka riga aka shigar. Ya ce ɓoye kaya laifin kora ne. Na ce na sani. Ya tambaye ni shekarun Baba, na ce saba'in da huɗu. Ya ce in koma bakin aiki.

Kwana biyu ban ji komai ba. Ranar Juma'a da hantsi ina tsaye ni kaɗai a ƙarshen sito, ba mota, ba kayan da ake jira, sai firinta ta yi ƙara a ƙuguna. Sitika ɗaya tak ta fito, mai baƙin giciye, da lambar buhun Baba. A wurin da ake rubuta dalili ba a ce ya jiƙe ba, ba a ce ƙwari ba. An rubuta: na mai shi ne. Na ɗaga kai, labulen ofishinsa a sake.

Kar ki ɗauka kyauta ce. Cikakken kuɗin buhu ya yanka a albashina, ba farashin ma'aikata ba, ya kuma ba ni takardar gargaɗi, wadda in na sake samun irinta na tafi. Na sayi waken ubana da gumina a hannun waɗanda ba su shuka shi ba. Duk da haka na gode masa, don yana iya ƙi, kuma shi ma akwai na sama da shi da za su tambaye shi wannan rubutu.

Buhun yana motar Jinjiri. Na ɓare sitikar kafin a ɗora, ɗinkin Baba ya ishe shi shaida. Ba a sa masa magani ba, ki gauraya shi da toka ki rufe a jarka. Na san kuna cikin yunwa, ku ci rabi, Kande ba za ta yi fushi ba. Rabin kuwa ko ni na roƙa kar ki ba ni.

Na san tambayar da Baba zai yi: a wace gona? Ba ni da amsa. Ban ce za ku koma Wagini kafin damina ba, wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake. Amma ki roƙi kawunki bayan katangarsa, ko rami ashirin ne. Ki aika wa dangin Kande na Safana tiya biyu su ma su shuka, don kar ya sake zama a wuri ɗaya da za a kwashe shi rana ɗaya.

Na so in zo ƙarshen shekara, ba zai yiwu ba. Ga abin da na iya tarawa a shekara biyu da wata biyar, bayan an cire kuɗin buhu da na mota: naira dubu talatin da takwas da ɗari biyar, tabarma ɗaya, da waken Kande cikin tafin hannu guda da na rage a aljihuna.

Mijinki,
Mansur Hashimu Wagini