An Ba Ni Gadon Ƙasa, In Yi Shiru Ke Nan?

Anti Odessa, don Allah ki agaza mini da shawara, ki kuma yi haƙuri da surutuna, don yayata ta ce tun ina yaro idan aka aike ni sayen gishiri sai na biya ta gida bakwai. Ba kuka na kawo miki ba, abin da ya ɗaure mini kai ma ke nan. Lafiya lau nake zaune, cikin rufin asiri iyakar wanda ɗaurarre zai samu, sai ga shi ana ce mini in tsokano tsuliyar dodo da hannuna.

Shekaruna hamsin da takwas, saura kamar uku in fita. Abin da ya kawo ni gidan yari ni na aikata, na kuma amsa, ba shi ne zancen yau ba. Da a wani gida nake can ƙuryar arewa, inda dusar ƙanƙara ke toshe hanya rabin shekara, yayar tawa, Yaya Verlene, sai ta wuni tana tuƙi kafin ta gan ni, ita da ciwon bayanta. Bara aka dawo da ni nan, kusa da gidanta da ke garin Saginaw. Ranar da na ji inda za a kawo ni har rawa na taka, ni da ban iya ba.

Ina da hawan jini, maganin da nake sha kuma yana sa ni jiri idan na miƙe farat ɗaya, shi ya sa likitan can ya ba ni takardar gadon ƙasa, wato kada a kwantar da ni a saman gado mai hawa biyu. Da na iso nan na miƙa wa gandiroban da ya raka ni ɗaki, ko karɓa bai yi ba. Wai, "Ta can ce wannan, a nan ba ta aiki, ka jira likitanmu." Na nuna wa wani, na nuna wa na gaba da shi, bakinsu ɗaya. Ɗakin da aka sa ni kuwa akwai Baba Alton, dattijo ne da ya haura saba'in, kuma kin san yadda ake: wanda ya riga shiga ɗaki shi ke da ƙasa. Da wane baki zan ce wa mai furfura ya tashi? Na haɗiye, na hau sama, ko zancen jirin ban yi masa ba.

Wata safiya aka kira ƙirgar ɗaurarru, na yunƙura zan sauko, ɗakin ya juya da ni. Kafaɗata ta dama ta daki bakin masai na ƙarfe, ta karye wuri biyu. An kai ni asibiti, an yi aiki, an sa ƙarfe a ciki.

Da na dawo sai Cleophus ya sa ni a gaba. Ɗaurarre ne kamar ni, shi ne muke kira Lauya, kullum yana ɗakin karatu da tabarau a kan hanci, ya kai kowa ƙara har da mai dafa wake. Shi ya matsa mini na rubuta koke da hannun hagu, rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amsa ta zo a gajarce: an ba ni gadon ƙasa, an warware magana. Kin san yadda suka warware ta? Gandiroba ya leƙo ya ce wa Baba Alton ya koma sama. Shi ke nan fa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dattijon dariya ya yi, ya naɗe bargonsa ya ce, "Yauwa, daman na gaji da zaman talaka, bari in koma bene." Har yau ɗan haya yake kirana. "Kai ɗan hayan ƙasa, rage minsharin nan, masu bene na hutawa."

To Anti, tun daga nan sai abubuwa suka yi ta zuwa mini da sauƙi. Da yake ba na iya ɗaukar kaya mai nauyi, aka cire ni daga wanki aka sa ni lambu. Wayyo lambu! Tumatir, barkono, kabeji, ga ƙamshin ƙasa idan an yi ban-ruwa, ga mai kula da mu mutumin kirki, ba ya tsawa. Na yi shekaru ban ji abin da na ji ba ranar da tumatirin da na dasa ya fara nuna. Lahadi kuma Yaya Verlene na tasowa daga coci sai nan, da hularta da komai, ta sayo mini burodi da kaza a injin sayar da abinci na ɗakin ziyara, mu zauna ta ba ni labarin wanda ya ɓata waƙa da wadda ta zo da rigar aro. Da yamma mu buga karta da Baba Alton, yana cuta ina gani, in yi kamar ban gani ba. Wallahi ina jin daɗin zaman nan, ba na jin kunyar faɗa.

Sai Lauya ya zo ya dagula mini lissafi. Ya ce, "Kai wane irin wawa ne? Sun ba ka katifa ka yi shiru? Kafaɗar fa, ita wa zai ba ka?" Wai idan ban ɗaukaka koken zuwa ga shugaban gidan ba, daga nan zuwa hedikwata, to ko shekara nawa zan yi, alƙali ba zai ko kalli hoton ƙashina ba, zai ce ban gama bin matakan gida ba ya watsar da ƙarar. Wa'adin ɗaukakawar kuma kafin ƙarshen watan nan ne.

Baba Alton ya ce in rabu da shi. "Ƙararsa nawa aka watsar, ka tambaye shi? Yaro, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ni na ga masu ɗaukaka koke, da safe ake cewa su tattara kayansu mota na jira." Yaya Verlene ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba. Ta dai juya kofin da ke hannunta ta ce idan aka mai da ni can arewa, ita bayanta ba zai sake kai ta ba.

Amma ga gaskiyar da ba na so in kalla. Hannun nan ba ya wuce kunnena idan na ɗaga. An ce za a riƙa yi mini gashi da motsa shi, an yi sau biyu aka daina, na tambaya aka ce ina cikin layi. Ni kuwa mai fentin gidaje ne, tun ina saurayi ban san wata sana'a ba, kuma ban taɓa ganin silin da ake shafa wa fenti daga tsugune ba. Idan na fita da shekara sittin da ɗaya da hannu ɗaya da rabi, me zan ci? Gidan yayata zan je in zama kaya?

Sannan ga dattijon nan. Gadon ba shi da tsani. Kullum ina kallonsa yana saukowa da baya, yana laluben gefen gadona da ƙafa, gwiwoyinsa na ƙara, yana raha don kada in damu. Na ce zan rubuta koke a madadinsa, aka ce ba a yi, kowa nasa yake rubutawa. Na ce ya rubuta, ya ce tunda ya shigo bai taɓa roƙonsu ko allura ba, ba kuma a kaina zai fara ba. Taurin kai kamar jakin da ya ga rafi.

Anti, ni ba mai son rigima ba ne, ban ma tabbata ina son zuwa kotu ba. In ɗaukaka, ina tsoron a raba ni da lambu da yayata da tsohon nan. In yi shiru, an ce ƙofar ta rufe har abada. Shin butulci ne mutum ya samu sauƙi ya ci gaba da koke? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, na saba da magani.

Naki,
Mai Tumatir

Amsar Anti Odessa

Ɗan'uwana Mai Tumatir, sannu da jiki. Wasiƙarka ta sa ni dariya, ta kuma sa na sake karanta ta da natsuwa. Ka ji daɗin zamanka, ba laifi ba ne. Mutumin da ya samu aikin da yake so, da 'yar'uwa mai zuwa duk mako, da abokin zama mai ban dariya, ya samu abin da wasu na waje ma ba su da shi.

Baba Alton ba ƙarya ya yi ba. Doka ta hana a hukunta ɗaurarre don ya yi koke, amma da ni da kai mun san akan yi, a kuma kira shi da wani suna. Ba zan ce maka babu haɗari ba. Sai dai ka lura, ana iya ɗauke mutum ko bai ce uffan ba, shirunka ba shi ne zai ɗaure ka a lambun nan ba. Wanda kuma kokensa ke rubuce, idan aka ɗauke shi kwatsam bayan ya ɗaukaka, yana da abin nunawa.

Lauyanku ma, duk da zafin bakinsa, a nan ya faɗi daidai. Dokar tarayya ba ta barin ɗaurarre ya kai ƙara kan yadda ake riƙe da shi sai ya bi matakan koke na gidan har ƙarshe, cikin lokacin da suka yanka. Ƙararraki masu yawa sun mutu a nan, ba tare da an duba rauni ko gaskiyar mai shi ba. Wani zai ce ai an biya maka buƙata tun a matakin farko, me za ka ɗaukaka? Wani kuma zai ce ka bari sai ka fita, tunda kotuna da yawa ba sa ɗora wannan sharaɗi a kan wanda aka riga aka sallama. Dukansu akwai ƙamshin gaskiya, amma na farko jayayya ce da za ka iya faɗuwa a kanta, na biyu kuma wa'adin shigar da ƙara na iya ƙarewa kana ciki. Ni ba lauya ba ce. Yaya Verlene ta nemi ɗaya daga ƙungiyoyin lauyoyin da ke taimakon ɗaurarru kyauta, su duba mata dokar jiharku. Amma kada ka jira amsarsu wa'adi ya wuce.

Abin da kake haɗawa wuri ɗaya abu biyu ne. Ɗaukaka koke daban, kai ƙara daban. Ka ɗaukaka yanzu, zancen kotu ka yanke shi daga baya da kwanciyar hankali, in ka ga dama ma kada ka je. Ba kuma na yi maka alkawarin nasara ba, irin wannan shari'a tana da wuya.

Ka rubuta a taƙaice, cikin ladabi, ba zagi ba habaici, kada ka bar Lauya ya zuba maka barkono a ciki. Ka ce ka gode da gadon, amma magana ba ta ƙare ba: ka nuna takardar likita ba sau ɗaya ba aka ƙi karɓa, ka faɗa wa waye da waye in ka san sunansu, ka faɗi, ka karye, gashin kafaɗar da aka yi alkawari kuma an daina. Ka nemi a ci gaba da shi. Ka riƙe kwafi, ka aika wa yayarka wani. Neman magani ba butulci ba ne. Gadon nan ma ba kyauta suka yi maka ba, naka ne tun ranar da ka iso.

Shi kuwa dattijo, ka daina ce masa ya yi koke, kalmar ce ba ya so. Ka ce ya je ganin likita saboda gwiwa, wannan ba roƙo ba ne, ita ce hanyar samun tasa takardar. Ka faɗa masa a fili cewa kai ka san yadda siminti yake daga can sama, ba ka so ya sani. In hakan ya sa aka raba muku ɗaki, ku yi kartarku a filin gidan, ya fi ka ziyarce shi a asibiti. Yayarka ma ka gaya mata abin da ka yanke kafin ka miƙa musu takardar, ta ji daga bakinka.

Ka ce ba ka tabbata kana son kotu ba. Na yarda, yau ba ka so, don yau kana da abinci da gado da aikin da hannu ɗaya ke iya yi. Amma akwai wani mutum da zai fito ƙofar gidan nan nan da shekara uku, wato kai na gobe, babu wanda zai ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma shi ba za a tambaye shi ra'ayinsa ba, abin da ka yi a watan nan shi zai tarar. Kada ka yafe a madadinsa. Ka miƙa takardar ɗaukaka koken, ɗan'uwana.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka zamanka, ya fito da kai da ƙarfinka. Ka gaishe mini da Yaya Verlene da Baba Alton.

Taka,
Anti Odessa